Tsofaffinmu a Gidajen Jinya na Bronx: Doka Ta Ce Kwana 5, Ba "Sai Mun Gama Bincike" Ba

Mai karatu da ke Kano, ko Maraɗi, ko Zongon Kumasi zai iya riƙe baki idan ya ji an ce wai ga Bahaushe ya kai mahaifinsa gidan tsofaffi. A gida wannan abin gori ne da zai bi mutum har jikokinsa. Mu ma nan unguwar Morrisania da ke kudancin Bronx a birnin Niyok na ƙasar Amurka, da wannan tunani iyayenmu suka zo, kuma a kansa suka rene mu. To amma idan kiɗa ya sauya, dole rawa ma ta sauya.

Waɗanda suka zo ƙasar nan suna samari a shekarun 1980 da 1990, suka tuƙa tasi, suka yi gadi, suka kasa kaya a bakin titi, yau su ne dattawan da ke sahun gaba a masallatanmu. Hawan jini da ciwon suga sun kama da yawa daga cikinsu. Idan Allah Ya kawo shanyewar ɓarin jiki, asibiti ba ta riƙe mutum. Da an ga ya ɗan farfaɗo sai a ce a wuce da shi gidan jinya domin gashi da koyon tafiya. Gidan da iyali ke haya kuwa, sau da yawa ɗaki biyu ne a hawa na biyar, babu lif, matar na aikin dare, 'ya'ya na makaranta ko wurin neman abinci. Shirin Medicare yana biya wa wanda ya cancanta har zuwa kwana 100, idan jiki bai yi kyau ba sai a koma kan Medicaid, zaman da aka ce na makonni ne ya koma na shekaru. Ta haka tsofaffinmu suka shiga waɗannan gidaje, ba don 'ya'yansu sun gaji da su ba.

Gidajen kuwa ba nesa suke ba. Akwai Triboro a titin Teller, wanda a da ake kira Daughters of Jacob, tun zamanin da Yahudawa suka fi kowa yawa a wannan yanki suka kafa shi don tsofaffinsu. Akwai na asibitin BronxCare a titin Fulton, ga wasu birjik a sauran unguwannin Bronx. Mun ambaci sunayen nan ne kawai don mai karatu ya san cewa abin a ƙofar gidanmu yake, ba don muna tuhumar su da komai ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata kalma guda da iyalai suka saba ji a duk lokacin da suka tarar da tsohonsu da kumburi, ko tabo, ko karaya da ba a san mafarinta ba. Kalmar ita ce: "Muna kan bincike." Sai iyali su koma gida su zauna jiran kira. Mako ya wuce, wata ya wuce. Da yawa daga cikin mutanenmu ba su san cewa wannan bincike yana da agogo ba, kuma doka ce ta ɗaura masa agogon, ba ganin damar manajan gida ba ne.

Ga yadda abin yake. Duk gidan jinyar da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid yana ƙarƙashin ƙa'idojin gwamnatin tarayya, waɗanda suka samo asali daga dokar gyaran gidajen jinya ta 1987, aka kuma sabunta su a 2016. Ƙa'idar ta ce da zarar an yi zargin cin zarafi, ko kuwa an samu mummunan rauni, wajibi ne a sanar da shugaban gidan da kuma hukumar jiha nan take, kada a wuce awa 2. A nan Niyok hukumar ita ce Ma'aikatar Lafiya ta Jiha. Idan abin bai shafi cin zarafi ba kuma babu mummunan rauni, kamar a ce an sace wa tsohuwa kuɗi ko waya, to kada a wuce awa 24. Mai karatu ya lura da kyau, zargi aka ce, ba sai an tabbatar ba. Ko tsohon da gigin tsufa ya kama ne ya ce an mare shi, agogo ya fara tafiya. Haka kuma raunin da babu wanda ya ga yadda aka yi shi, kuma wurin da yake ko girmansa ya sa shakku, shi ma yana cikin abin da ake kai rahotonsa.

Bayan wannan rahoto na farko sai gidan ya yi nasa binciken, kuma yayin da ake yi dole ne a kare tsohon daga sake faɗawa hannun wanda ake zargi. Sakamakon binciken kuwa dole ya isa ga hukumar jiha cikin kwanakin aiki 5 daga ranar da abin ya faru. Wato duk gidan da ya ce wa iyali bayan mako uku wai har yanzu yana kan bincike, to ko dai ya riga ya aika wa hukuma sakamako yana ɓoye wa iyali, ko kuma ya karya doka. Duk wanda ya kasance daga cikin biyun, akwai abin tambaya.

Bugu da ƙari, a 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan babbar dokar inshorar lafiya, wadda a cikinta akwai wani sashe na kare haƙƙin tsofaffi. Wannan sashe bai tsaya kan gidan ba, ya sauko kan kowane mutum da ke aiki a ciki: mai gida, manaja, nas, mai taimaka wa nas, har da ɗan kwangila. Duk wanda ya ga abin da ya sa shi zargin an aikata laifi a kan majinyaci, shi da kansa doka ta ɗora wa nauyin sanar da hukumar jiha da kuma 'yan sanda, cikin awa 2 idan akwai mummunan rauni, ko awa 24 idan babu. Kamar yadda aka rubuta a dokar, wanda ya yi shiru ana iya cin sa tarar da ta kai dala 200,000, idan kuwa shirun nasa ya ƙara cutar da majinyacin ko wani, ta kai dala 300,000. Dokar ta kuma haramta wa gidan korar ma'aikaci ko musguna masa don ya kai rahoto.

Wani zai ce mene ne na gaggawa haka, ai gaskiya ba ta ruɓewa. Gaskiya ba ta ruɓewa, amma shaidarta tana ruɓewa. Taruwar jini a fata tana bajewa cikin mako biyu. Kyamarar da ke baranda tana shafe tsohon hoto ta ɗora sabo. Ma'aikacin da kamfanin haya ya turo na dare ɗaya, gobe yana wani gidan a Queens. Tsohon da abin ya faru da shi, wanda ƙila a daren zai iya nuna mutum da yatsa, bayan kwana goma ko sunan 'yarsa sai an tuna masa. Takardun jinya kuma, mun sani, alƙalami ne ke rubuta su.

Abin da ya faru a gidan jinya na Medford da ke Long Island, a nan jihar, ya isa misali. A watan Oktoba na 2012 wata mata 'yar shekara 72, wadda likita ya ba da umarnin a riƙa haɗa ta da na'urar taimakon numfashi da dare, aka bar ta ba a haɗa ba. Ƙararrawa ta yi ta kuka wajen awa biyu babu wanda ya kula, har rai ya yi halinsa. Gidan bai fito ya faɗa wa hukuma gaskiyar abin da ya faru ba, wani ne daga ciki ya tsegunta a ɓoye. A 2014 Antoni-Janar na jihar na wancan lokaci, Eric Schneiderman, ya sa aka kama ma'aikata, a 2015 kotu ta same su da laifi, har shugaban gidan yana cikin waɗanda aka hukunta saboda rufa-rufa, sannan a 2016 masu gidan suka amince da biyan dala miliyan 28. Da wannan bawan Allah da ya yi magana ya kama bakinsa, da an rufe matar an rufe zancen.

Kada a ɗauka Medford ne kaɗai. Ofishin Sufeto-Janar na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ya fitar da rahoto a 2014 kan zarge-zargen shekarar 2012, ya gano cewa kashi 53 cikin ɗari ne kawai aka kai rahotonsu da sakamakon bincikensu yadda doka ta tanada. Kusan rabi ke nan suka bi ruwa, ko suka iso a makare. A 2017 ofishin ya sake duba takardun sashen gaggawa na asibitoci, ya tsamo mutum 134 a jihohi 33 da aka kawo daga gidajen jinya da raunin da ya yi kama da na cin zarafi, a cikinsu 38 babu wata alamar an sanar da 'yan sanda. Sai kuma a 2019 ofishin bincike na Majalisar Dokokin Amurka, GAO, ya ce laifuffukan cin zarafi da masu duba gidaje suka rubuta sun tashi daga 430 a 2013 zuwa 875 a 2017.

Wani hanzari ba gudu ba, ita kanta hukumar da ake kai wa rahoton ba ta kuɓuta ba. A wani rahoton na 2017, Sufeto-Janar ya ambaci Niyok cikin jihohi huɗu da suka fi jinkirin zuwa duba manyan ƙorafe-ƙorafe, waɗanda a lokacin ƙa'ida ta ce a je cikin kwanakin aiki 10. Lokacin annobar korona kuwa kowa ya ga abin da ya faru. A watan Janairu na 2021 Antoni-Janar Letitia James ta ce mai yiwuwa adadin mamatan gidajen jinya da gwamnatin Andrew Cuomo ta bayyana ya gaza na gaskiya da kusan rabi, daga baya a Maris na 2022 mai binciken kuɗin jiha, Thomas DiNapoli, ya ce mutum aƙalla 4,100 ne ba a sa cikin lissafi ba. Idan uba yana ɓoye lissafi, da wane baki zai tsawata wa ɗa? Duk da haka ba mu ce a daina kai ƙara ba. Ƙarar da ta shiga rajista da rana da awa, ko an yi jinkirin zuwa, tana nan a rubuce, kuma irin waɗannan takardu ne lauyoyin gwamnati ke tonowa idan ranar ta zo. A watan Yuni na 2023 ita Letitia James ta maka masu kamfanin Centers Health Care a kotu kan gidaje huɗu, ciki har da Beth Abraham da ke nan Bronx, bisa zargin karkatar da dala miliyan 83 na kuɗin jinya yayin da majinyata ke kwance cikin ƙazanta da gyambon kwanciya. A Nuwamba na 2024 aka sasanta kan dala miliyan 45, mafi yawansu za a kashe su ne wajen inganta kulawa da ƙarin ma'aikata.

Yanzu bari mu dawo cikin gida, domin a nan gizo yake saƙar.

Kwanakin baya wani dattijo daga cikin iyayenmu, tsohon direban tasi, yana kwance a wani gidan jinya da ba a unguwarmu yake ba. 'Yarsa ta kai masa tuwo ranar Asabar, ta tarar da wuyan hannunsa a kumbure, gefen idonsa ya yi baƙi. Ta ce, "Baba, me ya same ka?" Tun da ciwon ya kama shi Turancin ya gudu, Hausar ma da ƙyar take fita, sai ya yi ta nuna ƙofa yana hawaye. Nas ta ce faɗuwa ya yi, kuma ana kan bincike. Yarinyar ta so ta buga wa hukuma waya a ranar, sai manya suka shiga. Wani aminin mahaifinta ya ce mata, "'Yata, ki yi haƙuri, wadda ke aiki a daren 'yar Afirka ce, 'yar'uwarmu ce, tana da yara uku. Kada ki zama sanadin raba ta da abincinta. Bari mu zauna da ita." Aka yi ta sa rana ana ɗagawa. Da aka kira hukuma bayan mako uku, ido ya washe, hannu ya sace, hoton kyamara ya shafe. Ba a kama kowa ba, ba a kuma wanke kowa ba. Har yau matar nan idan ta shigo taron suna sai a yi ta zunɗen ta, alhali ƙila faɗuwar ce da gaske.

Wannan shi ne abin da muke so iyayenmu su duba da idon basira. Rufin asiri da sulhu da haƙuri, duk tarbiyya ce mai kyau da muke alfahari da ita, kuma ita ke riƙe da zaman mu a baƙon wuri. Amma a wannan fage jinkiri bai taimaki tsohon ba, bai kuma taimaki wadda ake son rufa wa asirin ba. Binciken da aka yi da zafinsa shi ne ke iya wanke mara laifi. Ga kuma tsoron hukuma, musamman ga wanda takardunsa ba su gama daidaita ba, wanda jin kalmar ɗan sanda kawai ke sa cikinsa ya ɗuri ruwa. Ga irin wannan muna cewa, Ma'aikatar Lafiya tana karɓar ƙorafi ko mutum bai faɗi sunansa ba, kuma kowa na iya kira, ba sai ɗan majinyaci ba.

Kada kuma a manta, mu al'umma ce da ke ɓangare biyu na gadon nan. Tsofaffinmu ne a kwance, kuma iyayenmu mata da yayyenmu ne ke juya su, suna yi musu wanka, suna share musu kashi da fitsari. Duk wanda ya shiga motar bas da asuba a titin Webster ko Third Avenue zai gan su da kayan aiki, wasu na tafiya, wasu na dawowa ido ya yi ja. Aikin ba na rago ba ne. Jihar Niyok ta yi doka a 2021, wadda ta fara aiki a 2022, cewa kowane majinyaci ya samu aƙalla awa 3 da rabi na kulawa a rana, amma ku tambayi duk wadda ke aikin dare mutum nawa ake bar mata ita kaɗai. Inda hannu ya yi kaɗan, nan ake faɗuwa, nan ake barin mutum cikin jiƙa, nan kuma haƙuri ke ƙarewa. Muna tausaya musu ƙwarai. Sai dai muna roƙon su da su sani, idan babbar nas ta ce "bari sai da safe manaja ya zo," ba ita kaɗai doka za ta tambaya ba. Wadda ta gani da idonta, ita ma agogon awa 2 yana kanta. Kuma idan hukuma ta tabbatar da cin zarafi ko sakaci a kan mai taimaka wa nas, ana rubutawa a rajistar jiha, daga nan babu gidan jinyar da zai sake ɗaukar ta. Gara ta rubuta abin da ta gani, da awar da ta gani, da wanda ta faɗa wa, ta ajiye kwafi a jakarta.

Akwai kuma wani lungu da ba a cika son taɓawa ba, wato lokacin da tsohon ya cika. Mu Musulmi ne, muna gaggauta sutura, kuma ba ma son a fede mamaci. Dokar Niyok ma ta amince iyali su ƙi yarda da fiɗa saboda addini, sai fa idan akwai larura mai ƙarfi, kamar binciken kisan kai. To sau da yawa kafin kwana biyar ɗin nan su cika an riga an kai mutum makwancinsa, ko an sa akwatin a jirgi zuwa Accra ko Yamai. Masu wanka su ne na ƙarshe da ke ganin jikin, kuma an hore su da su rufe abin da suka gani. Mu yara ne, ba malamai ba, amma a iya fahimtarmu wannan rufewa don mutuncin mamaci aka yi ta, ba don a kare wanda ya zalunce shi ba. Muna roƙon limamanmu da su zauna su fayyace wa masu wanka wannan mas'ala, domin idan an ga karaya ko gyambo mai zurfi da iyali ba su taɓa jin labarinsa ba, a san wanda za a faɗa wa kafin a ɗaura likkafani.

Ga iyalin da suka samu kansu a wannan hali, ba sai sun ɗauki lauya ba kafin su motsa. Doka ta wajabta wa gidan ya sanar da wakilin majinyaci nan take idan an samu haɗarin da ya jawo rauni mai buƙatar likita, saboda haka idan sai da kuka zo kuka gani da idonku, wannan ma abin faɗa wa hukuma ne. Ku ɗauki hoto da waya da izinin tsohon, ku rubuta rana da awa da sunan wanda kuka yi magana da shi. Ku tambayi manaja a rubuce: yaushe aka sanar da Ma'aikatar Lafiya, ƙarfe nawa? Majinyaci ko wakilinsa na doka yana da ikon ganin takardun jinyarsa cikin awa 24, ban da ranakun hutu, ya kuma karɓi kwafi idan ya ba da sanarwar kwanakin aiki 2. Idan Turanci ya yi wuya ku nemi tafinta, haƙƙinku ne a yi muku bayani da harshen da kuke ji, kuma kada a yarda a mai da ma'aikacin da ke cikin zargin ya zama shi ne tafintan. Sannan ku da kanku ku kira layin ƙorafi na Ma'aikatar Lafiya ta Jiha a 1-888-201-4563, kada ku dogara da cewa gidan ya kira. Idan rauni ne mai tsanani, 911 ne farko. Akwai kuma ofishin mai sauraron koken mazauna gidajen jinya, wanda ake kira Ombudsman, aikinsa kyauta ne, ana kuma liƙa lambarsa a bangon gidajen. Wanda kuwa bai riga ya zaɓi gida ba, ya sa yaro ya buɗe masa shafin Care Compare na Medicare a intanet. Tun Oktoba na 2019 ake sa hoton jan tafin hannu a gefen sunan gidan da aka kama da laifin cin zarafi a baya-bayan nan.

Mu matasan unguwa abin da muka ga za mu iya shi ne zirga-zirga. Ƙa'idar tarayya ta ba dangi na kusa damar shiga wurin majinyacinsu a kowane lokaci muddin shi yana so, sauran masu ziyara kuma da yardarsa da bin tsarin gidan. Don haka muka raba kanmu, kowane dattijo da ke kwance a samu mai leƙa shi bayan sallar Isha'i da kuma ranakun Asabar da Lahadi, lokacin da manyan ofis ba sa nan, ma'aikata kuma suka fi ƙaranci. Mun zaɓi waɗannan ranaku ne da gangan. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafin kwanakin aiki biyar, saboda haka abin da ya faru daren Juma'a gidan yana da har Juma'a mai zuwa kafin ya miƙa sakamako. Amma awa biyun farko ba ta da ranar hutu, ko daren Sallah ne ana ƙirga ta.